Kafin Ka Kai Kofi Baki

A ƙasarmu zafi ba baƙo ba ne. Idan bazara ta kama, cikin watan Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce 40. Iska ta tsaya cik, maƙogwaro ya bushe. A wannan lokaci ba abin da ɗan makaranta yake so kamar abu mai sanyi. Da an kaɗa ƙararrawar hutu, sai kowa ya nufi bakin ƙofa da ƴar dalarsa a hannu.

Bakin ƙofar makaranta kuwa ƙaramar kasuwa ce. Ga mai zoɓo, ga mai ruwan tsamiya, ga mai ruwan citta da lemun tsami. Ga ƙulle-ƙullen ƙanƙara cikin leda, ja da kore da ruwan ɗorawa. A kanti kuma ga kwalabe, ga gwangwani, ga kwali mai hoton mangwaro. Mutane da yawa sukan haɗa su duka su ce musu «lemu». Amma akwai lemun da bai taɓa ganin itacen lemu ba.

Na yi shekaru ina koyarwa, na ga yara da yawa suna wannan ciniki. Galibi ido ne yake zaɓa musu. Abin da ya fi launi, ya fi sanyi, ya fi zaƙi, shi ake rububi. Ni kuwa abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne: kafin ka kai kofi baki, yi tambaya uku. Mene ne a ciki? Da wane ruwa aka yi shi? Sukari nawa aka zuba?

Tambaya ta fari: mene ne a ciki?

Ƴaƴan itace ba don daɗi kawai muke shan su ba. Akwai abubuwa a cikinsu da jiki yake bukata, ana kiransu bitamin. Ido ba ya ganinsu, amma idan babu su jiki yakan nuna.

Akwai bitamin C. Shi ke ƙarfafa dasashi, ya taimaki ciwo ya warke da wuri. Yana kuma taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gero da ganye, wanda da shi ake gina jini. A zamanin da, matuƙan jiragen ruwa na Turai sukan yi watanni cikin teku ba ɗanyen ganye, ba ƴaƴan itace. Sai dasashinsu ya kumbura yana jini, haƙora su zube, da yawa su mutu. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind ya yi gwaji. Ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Mutum biyu ya ba su lemun zaƙi da lemun tsami. Cikin kwana shida su ne suka fara murmurewa. Lind bai san sunan abin da ya warkar da su ba, don sai wajen 1932 masana suka gano bitamin C. Amma ya ga aikinsa da idonsa.

Mu ba sai mun je nesa ba. Lemun Gaya da na lambunan Timiya cikin duwatsun Abzin yana zuwa kasuwanninmu da sanyi. Gwaiba ta fi lemu bitamin C wajen sau huɗu. Farin garin nan mai tsami da ke cikin ɗan kuka, shi ma ya fi lemu nesa.

Akwai kuma bitamin A. Shi ke tsare ido da fata. Yaron da ya rasa shi yakan kamu da dundumi: da rana yana gani, da magariba ta yi sai ya riƙa lalube. Jiki yana samun wannan bitamin daga mangwaro, da gwanda, da karas, da kabewa, da ganyen zogale.

To, ƙullin ƙanƙaran nan mai ruwan ɗorawa fa? Sau da yawa garin kanti ne aka dama. A cikin garin akwai launi, akwai ƙanshi, akwai abin zaƙi da ɗan tsami. Ba mangwaro, ba lemu. Idan ka sha, harshenka ya rine kamar an tsoma shi a karofi. Kyan ɗan maciji ke gare shi.

Ku da kuke karatu da Hausa da Faransanci, kuna da makamin da iyayenmu da yawa ba su samu ba. Kuna iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali. Kada hoto ya ruɗe ku, ku juya baya ku nemi ƙananan baƙaƙe. Idan kun ga «100 % pur jus», ruwan ƴaƴan itace ne zalla. Idan kun ga «nectar», an sirka shi da ruwa da abin zaƙi, ruwan ƴaƴan itacen yakan kama daga kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Idan kun ga «boisson» ko «arôme», to, ƴaƴan itacen kaɗan ne, ko ma ƙanshinsu kawai. A ƙarƙashin kalmar «ingrédients» ana jera kayan da ke ciki, daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. In «eau» da «sucre» ne a kan gaba, kun san ruwan sukari kuka saya. Ku duba kwanan wata kuma. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, ku bar wa mai kanti abinsa.

Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba watan da za ka shiga gidanta ka rasa abin sha. Da kaka takan tsinke zoɓon da ta shuka a gefen gonar gero, ta shanya shi a kan tabarma, ta ɗure a buhu. Ƙwayarsa ma ba ta zubarwa, da ita take daddawar batso. Da sanyi ga lemu da gwaiba, ga magarya. Da rani ga tsamiya, ga ɗan kuka, ga goruba da ake kawowa daga Gulbin Kaba. Da bazara kuwa mangwaro ne ko'ina. Takan ce mana: «Kowane wata da ɗansa. Ku sha na lokacinsa, ya fi daɗi, ya fi araha.»

Yadda take ruwan kuka ba wuya. Ta fasa ɗan kuka, ta juye abin da ke ciki a ƙwarya. Ta zuba ruwan da ta tafasa ya huce, ta rufe. Bayan kamar awa biyu ta murtsuke da ludayi, ta tace da rariya, ta fid da ƙwaya da zare. Wani lokaci ta zuba nono. Ba ta ɗora shi a wuta. Daga baya, da na yi karatu, na gane amfanin haka: zafin wuta yana lalata bitamin C. Shi ya sa zoɓon da aka daɗe ana tafasawa ba shi da bitamin sosai. In an sauke ya huce, aka matsa lemun tsami a ciki, ya ƙara amfani. Iska da rana ma suna rage wannan bitamin. Saboda haka abin da aka matsa yau, a sha shi yau.

Tambaya ta biyu: da wane ruwa aka yi shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Sukari yana ɓarna a hankali, cikin shekaru. Ruwa marar tsabta kuwa yana iya kayar da mutum a yini ɗaya.

Kowane abin sha da muka ambata, mafi yawansa ruwa ne. Idan an ɗebo ruwan daga tabki, ko rijiyar da ba ta da murfi, ko randar da kowa ke tsoma hannu, ƙwayoyin cuta suna ciki. Su ke kawo zawo, da atuni, da zazzaɓin taifot, da kwalara. Jan zoɓo yakan ɓoye dauɗar ruwa, zaƙi kuma ya ɓoye ɗanɗanonsa. A shekarar 2018 kwalara ta ɓulla a yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi, ta kama dubban mutane. A 2021 ta sake dawowa jihohi da dama na ƙasarmu. Wannan cuta ta baki take shiga, cikin ruwa ko abinci.

Yara da yawa suna tsammani sanyi yana kashe cuta. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin cuta sukan yi kwance cikin ƙanƙara, in ta narke su ci gaba da aikinsu. Wuta ce ke kashe su. Idan ruwa ya tafasa sosai, aka bar shi yana ɓararraka minti ɗaya, ya zama na sha. Akwai kuma ƙwayar maganin tsabtace ruwa da ake samu a gidan likita da kantin magani. Ana jefa ta yadda aka rubuta, a jira rabin awa.

Wata shekara, ana saura kwana uku jarrabawar ƙarshen firamare, wani yaro mai ƙoƙari a ajina ya sayi ƙullin ƙanƙara a tasha. Da dare ciki ya ɓaci. Da safe ba ya iya tsayuwa, idanu sun faɗa. Aka kai shi gidan likita a kan amalanke, aka yi masa ƙarin ruwa. Ya warke, amma ranar jarrabawa yana kwance. Sai da ya maimaita aji. Abin dala biyar ya ci masa shekara guda.

Ba ina cewa ku guji matan da ke sayar da zoɓo ba. Da wannan sana'a mata da yawa suke ciyar da ƴaƴansu, suke saya musu littafi da alƙalami. Gwaggona ta yi ta shekara da shekaru. Tun asuba take tafasa ruwa. Ta wanke hannu da sabulu, ta wanke bokiti da ludayi da ƙyallen tata. Ba ta hura leda da baki don ta buɗe. Abin da ya kwana, ba ta sake fitar da shi. Ina yaro na taɓa ce mata:

«Gwaggo, itace yana tsada. Ruwan nan fa garau yake, don me sai kin tafasa?»

Ta ce: «Ɗana, ƴaƴan mutane ne za su sha. In ɗan wani ya kwanta saboda zoɓona, da wane ido zan dubi uwarsa?»

Irin wannan mai sayarwa za ku nema. Ku dubi hannunta da farcenta. Ku dubi mazubin: a rufe yake ko ƙudaje suna bin sa? Kofi ɗaya ne kowa yake sha ana tsoma shi cikin ruwan wanki ɗaya tun safe? In kwalbar roba ce da aka sake amfani da ita, an wanke ta? Tambaya cikin ladabi ba laifi ba ce. Kuna iya cewa: «Inna, ruwan famfo ne ko na rijiya? An tafasa?» Mai tsabta ba ta jin haushin wannan tambaya. A gida kuma, jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man fetur, kada a zuba abin sha a ciki ko an wanke ta sau goma.

Tambaya ta uku: sukari nawa aka zuba?

Kowace shekara nakan yi wa ɗalibaina wani lissafi a kan tebur. In kawo gwangwanin lemun kanti na santilita 33, in sa yaro ɗaya ya karanta abin da aka rubuta. Irin waɗannan sukan ƙunshi sukari wajen garam 35. Ƙwayar sukari ɗaya kuwa kamar garam 5 ce. Sai in jera ƙwaya bakwai kusa da gwangwanin. Daga nan in tambaye su: «Wa zai iya tauna waɗannan duka yanzu?» Sai su yi dariya, su ce zaƙi zai yi yawa. Sai in ce: «To, ai kuna shanye su cikin minti biyu.» Gani ya kori ji.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara game da sukari. Ta ce kada wanda babban mutum zai sha a yini ya wuce kamar garam 50, wato ƙaramin cokali 12. Ta ce in an tsaya a rabin haka, ya fi. Na yaro bai kai na babba ba. Ku lissafa da kanku: gwangwani ɗaya, da shayin safe, da ƙullin ƙanƙara biyu, ina aka kai?

Sukari mai yawa yana cin haƙori. Ƙwayoyin da ke cikin baki suna mai da shi tsami, tsamin ya huda haƙori. Yana toshe ciki, yaro ya zo gida ya ƙi tuwo, alhali bai ci abin gina jiki ba. Wanda ya saba da shi har girma yana iya yin ƙiba marar amfani, ya buɗe ƙofa ga ciwon sukari. Wannan ciwo yana ƙaruwa a garuruwanmu. Wanda ya kamu da shi yakan yi ta fama da magani har tsawon rai.

Zoɓo da tsamiya da kuka duka masu tsami ne, shi ya sa hannu yakan yi nauyi wajen zuba sukari. Amma harshe ɗan koyo ne. Idan aka rage cokali ɗaya wannan mako, aka rage wani mako mai zuwa, kafin wata guda harshe ya saba. Citta, da kanumfari, da na'ana'a, da ɓawon abarba da aka wanke, suna ƙara ɗanɗano ba tare da sukari ba.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Hukumar nan ta sa zuma da ruwan ƴaƴan itace zalla cikin lissafin sukari. Don me? Domin kafin a cika babban kofi sai an matse lemu uku ko huɗu. Sukarinsu duka, kusan garam 20, ya taru a kofin. Totuwar kuwa, wato zare-zaren nan da ke cikin lemu, an zubar. Alhali ita ce ke sa a ƙoshi, ita ke sa sukari ya shiga jini sannu a hankali, ita ke hana ciki ɗaurewa. Saboda haka lemun da ka ɓare ka ci ya fi wanda ka matse. Mangwaron da ka sha da zarensa ya fi na kwali. In za a sha matsattse, ƙaramin kofi ɗaya a yini ya isa, kuma a sha shi tare da abinci. Bayan an sha abu mai tsami ko zaƙi, a kurkure baki da ruwa.

Kayan lambu fa?

Lokacin noman rani, daga Disamba zuwa Maris, lambuna suna cika kasuwa da karas da tumatir da kokwamba. Su ma ana yin abin sha da su, kuma galibinsu ba su kai ƴaƴan itace sukari ba. Ba sai da inji ba. A wanke karas sosai, a kankare, a goga, a zuba ɗan tafasasshen ruwa, a matse cikin ƙyalle mai tsabta, a ɗiga lemun tsami. Tumatir nunanne kuma a daka shi a turmi mai tsabta, a tace da rariya. Abin da ya rage a ƙyalle kada a zubar, a sa a miya. Bitamin A ya fi shiga jiki in akwai ɗan maiƙo, don haka ruwan karas ya fi amfani tare da abinci mai mai ko ƙuliƙuli.

Sai dai a kula da wanki. Wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa. Wasu kuma an fesa musu maganin ƙwari. Abin da za a ci ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. Wanda ya ruɓe ko ya yi fumfuna, ba a matse shi don gudun asara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 10 ya kamata ya ci ƴaƴan itace da kayan lambu garam 400 a yini. Kofi ɗaya ba zai cika wannan ba. Kwaɗon zogale, da miyar ganye, da kabewa, da yankan kankana, su ne za su cika shi.

Za ku ji masu talla suna cewa ruwan kaza yana wanke jini, yana maganin zazzaɓi da shawara da ciwon sukari. Kada ku yarda. Abin sha mai kyau yana taimakon jiki ya tsaya da ƙarfi, amma ba ya maye gurbin likita. Wanda ba shi da lafiya, a kai shi a duba shi.

Ku kula da ƙannenku

Da yawa cikinku kuna goyon ƙanne in kun koma gida. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko da zafi ake. Wanda bai cika shekara ba, ba a ba shi ruwan lemu ko zoɓo, ba a ba shi zuma. In ya fara cin abinci, a murtsuke masa gwanda ko ayaba ko mangwaro nunanne. Idan yaro yana zawo, lemun kanti da abin sha mai zaƙi sukan ƙara masa zawon. Abin da ake ba shi shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a gidan likita, a dama cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Ƙishirwa kuwa, ba abin da ke kashe ta kamar ruwa. Kowane ɗayanku ya nemi gora, ya wanke ta kullum, ya cika ta da ruwa mai tsabta kafin ya fito. In ya sha ya ƙoshi, ba zai yi ciniki da gaggawa ba. Ƴar dalar da ke hannunsa sai ya sayi gwaiba, ko mangwaro, ko kofin zoɓo daga wurin mai tsabta. Idan makarantarku tana da rijiya ko famfo, ku roƙi malam ku dasa lemun tsami da gwanda da zogale a bayan aji. Gwanda takan yi ƴaƴa cikin shekara guda. Lemun tsami sai an yi haƙuri shekaru kaɗan, amma ƙannenku za su tarar da shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ya kamata mu yi kafin mu sayi abin sha?
2. Mene ne dundumi? Faɗi abinci uku da ke tsare mu daga shi.
3. Don me ƙanƙara ba ta sa ruwa ya zama mai tsabta?
4. Idan ƙwayar sukari ɗaya garam 5 ce, ƙwaya nawa ke cikin gwangwani biyu masu garam 35 kowanne?
5. Kawo kwali ko gwangwani daga gida. Karanta abin da aka rubuta da Faransanci, ka fassara wa ƴan ajinku da Hausa.
6. Tambayi wata tsohuwa a gidanku irin abin shan da ake yi a garinku da kaka, da sanyi, da rani, da bazara. Rubuta abin da ta gaya maka.